Allon da Babu Bisimilla

Ni na wanke allon. Gara in faɗa tun farko, domin har yau a Tudun Wada akwai masu ba da labarin nan a karkace, wasu su ce da gangan Malam ya yi, wasu su ce asiri Nagoda ya yi mana. Babu asirin kowa. Ni Atika, matar Malam Kailani, ni na ɗauki allon da hannuna na wanke shi a ƙwarya.

A shekarun da Turawa ke yaƙi da Jamus ne. Lokacin Tudun Wada ba ta wuce gidajen ƙasa da 'yan bukkoki a bayan ganuwa ba. Mu baƙi aka tara a nan, Bakano da Bakatsine da Banufe da wanda ma ba a san asalinsa ba, mutanen birni suna yi mana kallon banza in sun fito ta Ƙofar Doka. Malam ne ke jan salla a ɗan masallacin unguwarmu, yana kuma yi wa mutane rubutun sha. Ɗanmu na fari, Mahmudu, ya bi fatake arewa da jakai uku da turamen saƙi. Shekararsa ashirin da biyu, ko aure bai yi ba. Ayarin ya dawo babu shi.

Madugun ayarin, Isiyaku, maƙwabcinmu ne, shi ya zo zaure ya kawo labarin, ni kuwa ina bayan ƙofa ina ji. Ya ce a Tasawa, cikin ƙasar Faransa, sojoji suka kewaye kasuwa ranar cinta suka kwashe samari, har da Mahmudu. Suna tsare a bariki, da zarar adadinsu ya cika za a tura su yaƙi.

"Babu hanya ke nan?" in ji Malam.

"Akwai guda, Malam. Wani Bakatsine ya karɓo nasa a gabana. Tsayawa ya yi gaban kumandan ya gaya masa da bakinsu, wato Faransanci, cewa yaron ɗan ƙasar Ingilishi ne. Amma fa da bakinsu. In ka bi ta tafinta ka yi asara, don wannan mutumin in ka ce fari sai ya ce baƙi. Akwai ayarin da zai tashi jibi, nawa kuma sai nan da kwana goma sha biyu. In ka shirya sai mu tafi."

Duk Tudun Wada mutum ɗaya ne ya iya Faransanci, kuma da Allah ya tashi jarraba mu sai ya zamana Nagoda ne.

Nagoda tsohon sojan Faransa ne da ya gudo, ya kafa rumfa gindin durumi a bakin hanya yana ɗinkin takalma. Baƙi ne dogo, yatsunsa biyu na hagu babu, ga baki kamar reza. Shekara guda kafin wannan, matarsa Saratu ta rasu, ya zo ƙofar gidanmu neman a yi mata salla. Malam ya ƙi fita. Ya ce mace ce da ta bi bariki, ba a san wanda ya ɗaura musu aure ba, mijin kuma ya harbi Musulmi da bindigar Nasara. Da leburorin jirgin ƙasa biyu Nagoda ya binne ta. Ba zan yi ƙarya ba, a ranar ni ma na ce Malam ya yi daidai, na kuma faɗa da ƙarfi a gaban mata.

To, wajen wannan mutum Malam ya nufa da goro a hannu. Nagoda ya ture goron da bayan hannu, ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce zai koyar, amma a rumfarsa, da hantsi, lokacin da hanya ta fi cika. Kuma tunda shi ne mai koyarwa, dole mijina ya riƙa kiransa Malam.

Ni ina kulle, ban ga abin da ido ba, amma matan da ke shigowa sayen zare ba su rage mini ko ƙwaya ba, har da ƙari. Kowace sai ta shigo da fuskar tausayi, bakinta kuwa na rawa don ɗokin ba da labari. Wai Nagoda ya sa Malam ya tsaya ƙiƙam kamar soja. Da Malam ya sunkuya zai tuɓe takalmi, sai ya daka masa tsawa.

"Wa ya ce ka tuɓe? Bafaranshe ba ruwansa da ƙafarka, kanka yake so ya gani. Warware rawanin! Cire hular! In ka durƙusa masa ka sunkuyar da kai sai ya ce ɓarawo ne kai. Dube ni cikin ido, ka ce, bonjur, mon kumandan."

Dattijo mai furfura, kai a buɗe a bakin hanya, masu tallar rake da 'yan dako sun yi da'ira suna kallo. Ya faɗa, Nagoda ya ce bai fita ba. Ya sake, ya ce kamar akuya ke atishawa. Ranar farko kenan, gaisuwa kaɗai, kuma sai da rana ta take tsaka ya sallame shi. Malam ya roƙe shi ya ba shi maganar roƙon yaron don ya bi ayarin jibi. Nagoda ya ce, "Kai da kake koyar da karatu, ka taɓa fara wa mutum da Baƙara? Sai an bi a hankali."

Ayarin farko ya tashi ya bar shi.

Haka aka yi ta ja. Yau mersi, wato na gode. Gobe silbuple, wato don Allah. Wata rana sukutum ta tafi a kan yadda ake roƙon ruwan sha, dilo, kamar Malam don ƙishirwa zai tafi Tasawa. Wi da non, wato i da a'a, suka ci rana guda. Je mapel Kailani, je biyan da Zariya, wato faɗin sunansa da garinsu, wannan ma kwana biyu. Ina jin Malam a zaure bayan la'asar yana maimaitawa ƙasa-ƙasa, yana kaɗa kai gaba da baya kamar mai tilawa, in ya ji motsina sai ya yi gyaran murya ya yi shiru. Tuwon kirki bai ƙara ci ba. In na tambaye shi yaya ake ciki, sai ya ce, "Ana nan ana yi." Iyakar abin da nake samu ke nan daga mutumin da muka haifi yaron tare. Haushinsa ya kama ni, na Nagoda kuwa ba a magana, da tsinuwa na kashe mutum da tuni an yi sadakar bakwai ɗinsa.

Sai a rana ta goma Nagoda ya ce zai ba da maganar da ake nema. Ya ce doguwa ce, kuma sau ɗaya tak zai faɗa, wanda ya kama ya kama. Malam ya san harshensa ya tsufa, kansa kuma ba ya riƙe abin da idonsa bai gani a allo ba, domin ta allo duk karatunsa ya shiga. Sai ya ɓoye allo da tawada cikin babbar riga ya tafi da su. Nagoda na faɗa Malam na rubutawa da ajami. Wannan ban san shi ba sai daga baya. Kunya ce ta hana shi gaya mini, wai ya sa maganar Nasara cikin baƙaƙen da ake rubuta Alƙur'ani da su.

Tun tafiyar Mahmudu ni ke wanke alluna a gidan. Ƙa'idarmu ita ce duk allon da aka jingine a jikin ƙofar zaure ta ciki, hannun dama, na sha ne, an gama shi. Ranar Malam ya shigo a gurguje ana kiran azahar, ya zare allon daga riga ya jingine a nan, ya fice masallaci. Bai jima da fita ba sai ga tsohuwar gidan Madugu Isiyaku, ko sallama ba ta ƙarasa ba. Ta ce Zinariya, matar Madugu, tun asuba take kan gwiwa, abu ya ƙi. Malam ya yi alkawarin rubutun naƙuda, ina yake?

Na leƙa zaure na ga allo a wurinsa, cike da rubutu, tawadar ma ba ta gama bushewa ba. Ni karatuna bai wuce na salla ba, amma siffar Bisimilla na san ta kamar tafin hannuna, kuma na lura babu ita a saman allon. Na lura, Allah ne shaida. Sai na ce a raina ko Malam sauri yake. Tsohuwa na tsaye a kaina tana ta "Yi maza, 'yar nan, yi maza." Na yi alwala, na ɗauko ƙwarya, na bi allon da ruwa sama da ƙasa har ya yi fes. Na miƙa mata ta fita da sassarfa. Har daɗi na ji a raina, wai na yi aikin lada.

Da Malam ya dawo na ji shiru a zaure, shirun ya yi yawa. Can ya shigo tsakar gida riƙe da allon, yana juya shi gaba da baya.

"Atika, wa ya taɓa wannan?"

"Ni ce. Na Zinariya ne, an zo an karɓa."

"Na Zinariya yana ƙarƙashin buzu." Ya faɗa a hankali, sai ya zame ya zauna a ƙasa, a nan kusa da turmi. "Kin wanke maganar yaron. Kin ba matar mutane Faransanci ta sha."

Muna nan a haka sai muka ji guɗa daga gidan Madugu. Zinariya ta sauka lafiya, namiji, ƙato. Na ce alhamdulillahi, na kama gefen rigar Malam.

"Malam, ka rufa mana asiri. Tawada ce da ruwa, ta sha ta haihu. Babu wanda ya sani sai ni da kai."

"Da Allah fa?"

"Allah ya san ba da gangan ba ne. Jibi ayari zai tashi. Ka bari ka dawo da yaron, sannan ka faɗa wa duk wanda kake so."

"Da sunan Alƙur'ani ta sha. In na yi shiru na ci amana."

Ya fizge rigarsa ya fita. Wannan gaskiyar tasa mai taurin kai, wadda ta hana shi fita kan gawar Saratu, ita ce ta kai shi ƙofar gidan Madugu ana tsakiyar barka. Har tsakar gidanmu ina jiyo muryar Isiyaku.

"Matata na tsakanin rai da mutuwa ka ɗura mata bakin kafirai? Abin da ya fara shiga cikin ɗana ke nan? Malam, da ba don furfurarka ba, da yau an ji kanmu. Ayarina kuwa, wallahi ko igiyar jakina ba za ka riƙe ba!"

Kafin la'asar labari ya gama unguwa. Mutum uku suka bi Malam salla, ɗaya ma kurma ne. Waɗanda suka sha rubutunsa shekara da shekaru suka fara tambayar juna ko me suka sha. Matan da ke sayen zare suka ɗauke ƙafa, sai masu leƙowa ta kan danga su ce, "Atika, an ce jaririn da bonjur ya yi kukan farko?" su kwashe da dariya. Tun kafin suna aka laƙaba wa yaron Ɗan Faransa, kuma da shi ya tsufa.

Washegari Malam ya koma rumfar Nagoda. Nagoda ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Ashe karatuna ya fi naka saurin aiki, daga sha sai haihuwa. Sau ɗaya na ce zan faɗa, na kuwa faɗa. Je ka tambayi Zinariya, yana cikinta." Malam ya dawo ya shige ɗaki. Ayarin Isiyaku ya tashi, muna jin ƙararrawar jakai ta wuce ta bayan gidanmu.

Kwana uku Malam bai fita ba sai alwala. Kwana uku ni ma ina zaune ina jiran ya tashi, ina ce wa kaina matar liman ba ta fita da rana. Ina kallon ƙofa, ina jin kunyar mutane. A rana ta huɗu na tuna mutanen da nake jin kunya su ne masu leƙowa ta danga. Na ja mayafi na fita, ban nemi izinin kowa ba.

Rabona da hanyar nan da rana tun muna sababbin zuwa. Na tarar da Nagoda yana huda fata da basilla, mutum biyu na jiran takalmansu. Ya ɗago ya dube ni sama da ƙasa.

"Ikon Allah. Matar liman a rumfar arne? Ko takalmin Malam ne ya tsinke?"

"Ban zo gaisuwa ba. Maganar da ka ba shi na zo karɓa."

"Wadda kika wanke?"

"Ita."

"Ke ce fa kika ce wa matan unguwa Saratu ko ƙyallen likkafani asara ne a kanta. Kin zaci bai zo kunnena ba?"

"Na faɗa," na ce. "In zagina kake so ka yi, ga ni, zage ni a gaban mutanen nan har ka gaji. Amma yaron bai yi maka komai ba. Ranar da aka yi abin ma ba ya gari."

Ya ajiye basillar. Na zaci ya yi sanyi, ashe wata muguntar yake nema.

"To, tsaya sosai. Ki ce, se mon fis. Ɗana ne."

Na faɗa.

"Il sapel. Sunansa. Sai ki faɗi sunan."

Na ce il sapel, na tsaya nan. Ya sani sarai ɗan fari ne. Tun ranar da aka raɗa masa suna ban taɓa kamawa da bakina ba, ko a ɗaki ni kaɗai. Yaron nan nake cewa, ko wancan. Ko ɗaukarsa a gaban mutane ban taɓa yi ba. Masu jiran takalma suka sunkuyar da kai.

"Malam zai faɗi sunan in ya je," na ce.

"Ke nake koya wa, ba Malam ba. In ba za ki faɗa ba, hanya a buɗe take."

"Il sapel Mahmudu."

"Ban ji ba."

"Mahmudu!" Na faɗa da ƙarfi har masu wucewa suka waiwayo. Hawaye suka zubo, na bar su, ban share ba, don kada ya ce ya ga na ɓoye fuska.

Ya ci gaba. Il e suje angile, ɗan ƙasar Ingilishi ne. Rande la muwa, silbuple, a mayar mini da shi, don Allah. Na maimaita, ya gyara mini sau biyu, na sake. Sai ya ɗauki basillarsa.

"Sai me?" na ce.

"Shi ke nan."

"Shi ke nan? Wannan ce doguwar maganar?"

"Ta Malam na ɗan yi mata ado, don allon ya cika."

Ko tukunyar ruwa ba za ta tafasa ba a lokacin da na ɗauka ina koyonta. Na dubi mutumin nan, na ji kamar in ɗauki dutsen da yake dukan fata a kai in sauke masa a ka.

"A kan wannan ka ja mu kwana goma? Ayari biyu suka wuce?"

"Daga hantsi har la'asar na tsaya a ƙofar gidanku," in ji shi, idonsa na kan fatar. "Gawa na ɗaki, ga zafi, ƙuda sun fara taruwa. Ina jin muryar mijinki a zaure yana karatu. Ke kuma kina daka. Je ki, kada ki manta a hanya."

Ban manta ba. Ina tafe ina faɗa a bayyane kamar mahaukaciya, na shiga gida na tsaya a kan Malam na ce ya tashi. Ya buɗe baki zai tambayi inda na fito, na ce in ya ga dama ya sake ni bayan ya dawo, yanzu dai ya ce se mon fis. Ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya faɗa. Ranar ni na zama malamarsa, kuma ban yi masa da sauƙi ba. Kafin magariba ya haddace. Washegari ya shiga jirgin ƙasa zuwa Kano, abin da ya rantse ba zai taɓa hawa ba, daga can ya bi wasu fataken da bai sani ba.

Kwana arba'in da 'yan kai ya yi. Masallaci aka ba wani. Ni na zauna da kaɗin zarena, ba mai shigowa, ban kuma nemi kowa ba.

Ya dawo wata Laraba da hantsi, ya rame, ƙafafu duk faso. Na dubi bayansa kafin in dubi fuskarsa. Shi kaɗai ne. Na kawo ruwa ya sha, sannan ya ba ni labari. Ya isa barikin, ya tsaya a rana wuni guda kafin kumandan ya fito. Ya cire rawani da hula, ya tsaya ƙiƙam, ya dubi Bature cikin ido, ya zuba maganar tun daga gaisuwa har ƙarshe ba gargada. Kumandan ya yi mamaki, har ya sa aka kawo babban littafi ya bi da yatsa. Sai ya ɗaga kafaɗa ya yi 'yar magana ya shige.

"Tafinta ya ce an kai su Damagaram aikin hanya," in ji Malam. "Wai in damina ta wuce za a sallame su, in koma gida in kwantar da hankalina. Ya yi ta bayani mai daɗi."

"To, alhamdulillahi," na ce.

"Amma Atika, maganar Baturen gajeruwa ce, ta tafinta doguwa. Kuma ban ji Damagaram a bakin Baturen ba." Ya shafa gemunsa. "Na riƙe ta. Tun daga Tasawa nake maimaita ta, kowane taki."

Ba wanda ya ce wa wani mu je. Muka tashi kawai, yana gaba ina baya, har gindin durumi. Nagoda ya ga Malam, ya leƙa bayanmu shi ma, sai murmushin da ya fara ya tsaya. Malam bai yi sallama ba, bai kuma ce masa Malam ba. Ya ce, "Ga abin da kumandan ya ce, ka gaya mini ma'anarsa." Sai ya karanto a hankali, yadda yake karanta aya.

"Toro tar, mon biye. Il e parti a la ger. Iliya turwa jur."

Hannun Nagoda ya tsaya a kan takalmin.

"Sake faɗa."

Malam ya sake.

"Bakinka bai fita sosai ba," in ji Nagoda, yana laluben zare a ƙasa, zaren kuwa na kan cinyarsa. "Kuma na daɗe da barin can, wasu kalmomin sun shige mini. Watakila yadda tafintan ya ce ɗin ne."

"Ƙarya kake," na ce. "Lokacin da kake wasa da mu babu kalmar da ta shige maka. Yau ma ba tausayinka muke nema ba. Faɗa!"

Da ya buɗe baki muryar ba irin tasa ba ce.

"Ya ce ka makara, tsoho. An tafi da shi yaƙi. Kwana uku da suka wuce."

"Kwana uku kafin in isa?" in ji Malam.

"Kwana uku."

Na so in yi ihu in ce kwana goman Nagoda ne suka cinye mini ɗa, in tara masa unguwa. Na so in juya kan Malam in ce shi da gaskiyarsa, shi da zaman ɗakinsa. Bakina ya buɗe, amma abin da ya zo mini shi ne kaina a zaune a tsakar gida ina kallon ƙofa, mayafi na rataye a igiya, yau, gobe, jibi.

Malam ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ya juya. Na bi bayansa. Mun yi 'yan taku sai na ji Nagoda ya ce, "Uwar Mahmudu." Ban waiwaya ba.

Shekara goma sha ɗaya ya ƙara a rumfar nan, ban gaishe shi ba, bai gaishe ni ba. Da ya mutu ba a ko nemi Malam ba, don lokacin babu mai neman sallarsa. An gama yaƙi, wasu sun dawo, har da wani ɗan Tasawa mai ƙafa ɗaya da ya biyo ta Zariya, na aika aka tambaye shi, ya ce su da yawa ne, bai riƙe sunaye ba. Mahmudu dai bai dawo ba.